Daga jiran COPR zuwa sauka a Toronto: yadda muka bi da abin da za ku kiyaye

Ni ce na cike takardun, sunana ne a saman fayil, maigidana da 'yarmu suna biye a matsayin iyalina. Mun miƙa neman izinin zama na dindindin a Kanada ta tsarin Express Entry a watan Afrilun 2023, muna Zariya, muka sauka Toronto a farkon Maris na 2024, saura 'yan kwanaki a kama azumi. A cikin waɗannan watanni goma sha ɗaya na haihu, darajar kuɗin da muka tara ta zube, fasfon maigida kuma ya kusa ƙarewa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan zai iya ɓata mana tafiya da mun yi sakaci. Tun zuwanmu da wuya mako ya wuce ba a turo mini saƙo ana tambaya ba: "Anti, shiru har yanzu, me zan yi?" Shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu na farko da nake so ya zauna muku a rai shi ne, amincewar hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ba ita ke mayar da mutum mazaunin dindindin ba. Takardar da za su ba ku, wadda kowa ke kira COPR, shaida ce cewa an amince, amma tana da wa'adi, kuma ba ta fara aiki sai ranar da kuka tsaya gaban jami'in kan iyaka ya tambaye ku, ya gamsu, ya sa hannu. A ranar zai auna abin da ke cikin fayil da halin da kuke ciki a lokacin. Saboda haka aikin mai jira guda ɗaya ne: kada ya bari fayil ɗinsa da rayuwarsa su saɓa.

Shirun da ke biyo bayan hoton yatsu

Bayan kun miƙa takardu za a aiko da shaidar karɓa, sannan wasiƙar ɗaukar hoton yatsu. Kwana 30 ake bayarwa. A Najeriya ana yi a cibiyar karɓar takardun biza ta Abuja ko ta Legas, kuɗin dala 85 ne na Kanada ga mutum ɗaya, iyali kuma ba ya wuce 170. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba a ɗaukar nasu. Daga nan sai shiru.

Hukumar ta ce tana ƙoƙarin kammala mafi yawan fayilolin Express Entry cikin wata shida. Mafi yawa ta ce, ba duka ba. Namu ya wuce. Saboda bambancin lokaci, saƙonninsu da yamma ko cikin dare suke shigowa a agogon Najeriya, na kuma ɗauki watanni ina farkawa ƙarfe biyu na dare ina laluben waya a ƙarƙashin filo. Ku duba asusunku sau ɗaya a rana, ku leƙa akwatin da imel ke jefa saƙonnin banza, ya wadatar. Dubawar tana da muhimmanci domin idan sun nemi ƙarin takarda sukan sa wa'adi gajere, wani lokaci kwana bakwai kacal. Amma buɗe shafin sau ashirin ba ya motsa komai.

Ku kuma yi hattara da zaurukan WhatsApp da Telegram inda ake jera ranaku: wane ya miƙa bayana, ga shi an kira shi. Binciken tsaro na kowa daban ne, ya danganta da ƙasashen da mutum ya zauna da irin ayyukan da ya yi. Idan kun wuce wata shida kuna iya neman kwafin bayanan da jami'ai suka rubuta a kan fayil ɗinku, waɗanda ake kira GCMS. Ba ya ƙara sauri, sai dai ya nuna muku matakin da aka tsaya. Mu da muka nema mun ga an gama duba cancanta da lafiya, binciken tsaro ne ya rage, hankalina ya ɗan kwanta. Duk wanda ya ce ku biya shi ya hanzarta muku fayil, ko ya ce yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne. Kuma ƙarya a takarda, ko da wakili ne ya shirga ta a madadinku, hukuncinta haramcin shiga Kanada na shekara biyar ne.

Kada ku ajiye aiki, kada ku sayar da mota ko fili, kada ku cire yara daga makaranta har sai fasfo ya dawo hannunku da biza a ciki.

Ranaku biyu da za ku rubuta a bango

Gwajin lafiyar da kuka yi wajen likitan da hukumar ta amince da shi wata 12 yake yi. Wa'adin COPR yana bin ranar ƙarewar wannan gwaji ko ranar ƙarewar fasfo, duk wadda ta riga zuwa. Mutane da yawa suna zaton za a ba su shekara guda daga ranar amincewa, ba haka ba ne. Mu mun yi gwaji a ƙarshen Maris na 2023, fasfunanmu suka dawo a tsakiyar Fabrairun 2024, kenan mako shida ne kawai ya rage mana mu tattara gida mu tashi. A ƙa'ida ba a tsawaita wa'adin. Wanda ya bari ya wuce yana iya komawa farko da sabon nema da sabon kuɗi. Idan gwajin ya ƙare tun fayil yana hannunsu, su da kansu za su tsawaita shi ko su ce ku sake.

Fasfon maigida zai ƙare ne a watan Fabrairu. Da mun bar shi, da takardarsa ta fito da wa'adin da ba zai kai ko'ina ba. Muka sabunta tun watan Agusta, na tura hoton shafin sabon ta fom ɗin tuntuɓa da ke shafin IRCC, da lambar fayil da lambar shaida ta UCI. Ku duba na kowa a gidan yau, har na yara, don nasu shekara biyar yake yi, yana ƙarewa ba a ankara ba.

Haihuwa, aure, rabuwa: a faɗa kafin a tashi

A nan zan daɗe, domin a nan ne na ga mutanenmu suna cutar da kansu da kyakkyawar niyya.

Na haifi ɗanmu a watan Nuwamba. Ranar suna, ana cikin raba waina da naman rago, wata 'yar uwa ta ja ni gefe ta ce: "Ki yi shiru da maganar yaron nan. Ki bar shi wajen Hajiya, in kun samu takarda kya dawo ki ɗauke shi. In kika faɗa musu sai sun ƙara miki shekara." Don Allah ta faɗa, tana ganin taimakona take yi. Amma dokar Kanada ta ce duk ɗan iyalin da ba a bayyana shi aka duba lafiyarsa ba kafin mutum ya zama mazauni, ana iya hana ɗaukar nauyinsa daga baya, kuma ɓoyewar kanta ana lissafa ta a matsayin ƙarya, har ta iya jawo a ƙwace izinin zaman gaba ɗaya. Ko da ba za ku tafi da yaron yanzu ba, dole a san da shi.

Ga yadda na yi. Cikin makon da na haihu na tura sanarwa ta fom ɗin tuntuɓa. Muka karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, muka yi masa lambar NIN, sannan fasfo. Hukumar ta aiko da jerin abin da take so: sabunta fom ɗin nema da na bayanan iyali, hotuna, kuɗin ƙarin yaro wanda a lokacin dala 230 ne, da takardar kai shi gwajin lafiya. Muka ɗauke shi yana da sati shida muka nufi Abuja cikin hazon hunturu. Likita ya auna shi, ya saurari ƙirjinsa, ya duba idanu da kunne, ba a ɗauki jininsa ba, ba a yi masa hoton ƙirji ba. Duka-duka abin ya ƙara mana kamar wata biyu. Wata biyu ba komai ba ne idan aka kwatanta da raba uwa da ɗanta.

Haka aure yake. Saurayin da ya cike takarda yana gwauro, aka ɗaura masa aure yana jira, dole ya sanar kafin ya hau jirgi, ko da biza ta riga ta fito. Haka saki, haka rasuwa. Masu mata fiye da ɗaya kuma su sani tun wuri cewa Kanada aure ɗaya ta sani, na farko, amma 'ya'yan mutum duka sai ya lissafa su, ko daga wace uwa suke. Wanda ke cikin wannan hali ya nemi lauya ko mai ba da shawara mai lasisi kafin ya taɓa fom, kada ya dogara da maganar zaure.

Kuɗin da aka nuna

Wanda ya bi ta rukunin ƙwararrun ma'aikata daga waje, ba shi da tayin aiki, sai ya nuna kuɗin da zai riƙe iyalinsa. A 2023 iyali mai mutum uku dala 21,055 ne na Kanada, mai mutum huɗu 25,564. Zuwan jariri kaɗai ya ɗaga mana ma'auni da sama da dala dubu huɗu. Adadin yana canzawa kowace shekara, ku duba na shekararku.

Abin da ya fi girgiza mu shi ne naira. A tsakiyar Yunin 2023 aka saki farashin canji, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 750 cikin kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Kuɗin da ya isa a watan Afrilu ya koma bai kai rabi ba, alhali ko kwabo ba mu taɓa ba. Jami'i da dalar Kanada yake lissafi, ba ruwansa da abin da ya faru da naira. Allah ya taimake mu mun mayar da wani kaso asusun dala tun da wuri, sauran kuma sai da muka sayar da filin da muka so mu bari. Shawarata, ku ajiye kuɗin a asusun dala, ku sa rara a kai, kuma kada ya zama na aro. Kafin tafiya da 'yan kwanaki ku karɓi sabuwar takardar bayanin asusu mai hatimin banki.

Akwai kuma kuɗin haƙƙin zama na kowane babba, wanda muka biya dala 515, ya koma 575 a ƙarshen Afrilun 2024. Yara ba sa biya. Ku biya shi tun ranar miƙa takardu, don kada a zo ƙarshe a tsaya jiran rasit.

Ranar da aka nemi fasfo

Saƙon ya shigo ƙarshen Janairu, bayan sallar isha'i. Ana ba da kwana 30 a kai fasfunan kowa cibiyar biza tare da kwafin wasiƙar da hotuna biyu-biyu. Hoton yana da ƙa'ida: faɗi milimita 50, tsawo 70, farin bango, a bayan ɗaya a rubuta suna da ranar haihuwa, da sunan shagon hoto, adireshinsa da ranar ɗauka. Ku buga ƙa'idar ku kai wa mai hoto, kada ku ce masa "na fasfo" kawai. Ana ɗauka da hijabi matuƙar fuska ta fito sosai daga goshi zuwa haɓa. Jariri kuma a shimfiɗa farin zane a kwantar da shi, kada hannun mai riƙe shi ya fito.

Idan ambulan ya dawo za ku ga biza ta shiga sau ɗaya manne a fasfo, da takardar COPR ta kowa. Ku zauna ku karanta harafi-harafi: suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, matsayin aure, ranar ƙarewa. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri, Muhammad da Mohammed, Aisha da Aishatu, dole abin da ke takardar ya dace da na fasfo. Idan akwai kuskure a gyara kafin tafiya. Kuma kada ku sa hannu a gida. Wurin sa hannun na gaban jami'i ne.

Mai babban fayil shi ke fara sauka, ko a sauka tare. Maigida ya so ya riga mu ya nemi gida, amma tunda ni ce a sama, ba zai iya shiga kafina ba. Iyali na iya biyo mai fayil daga baya, muddin wa'adin takardarsu bai wuce ba.

Haɗa kaya

Sabon mazauni yana shiga da kayansa na amfani ba tare da biyan haraji ba, amma sai ya jera su. Fom ɗin shi ne BSF186, da BSF186A na ƙarin jeri. Jeri biyu za ku yi, kowanne kwafi biyu: abin da ke tare da ku, da abin da zai biyo baya, da kimar kowanne. Abin da ba ku rubuta ba ranar sauka, in ya zo daga baya ana iya caje ku. Mata, ku kula da gwal. Na shimfiɗa sarƙoƙina da awarwaro na lefe a kan farin mayafi, na ɗauki hoton kowanne, na buga, na rubuta nauyi da kima. Jami'in ya duba ya buga hatimi a kan hotunan.

Kilishi da dambun nama ku ci a gida, ba a shiga da nama daga Najeriya. Mun tafi da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, muka bayyana su duka, aka buɗe aka duba aka bar mana. Wanda ya ɓoye abinci aka kama shi, tarar tana iya kaiwa dala 1,300. Kuɗi kuma idan ya kai dala 10,000 na Kanada ko daidai da haka a kowane irin kuɗi, sai an bayyana. Ba laifi ba ne ɗaukarsa, ba a kuma cire haraji, ɓoyewar ce laifi.

Fasfo, COPR, takardar banki, takardun haihuwa da na aure, katin rigakafin yara, jerin kaya, duk su zauna a jakar hannu. Rigunan sanyi ma haka.

A filin jirgi

A lokacin tafiyarmu, a 2024, babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Kanada. Mun bi ta Addis Ababa. Ana kammala saukar ne a filin jirgin farko da kuka taɓa a Kanada, ko da ba nan za ku zauna ba. Mu Calgary muka nufa, amma a filin Pearson na Toronto aka yi komai, don haka na bar awa shida tsakanin jiragen biyu. Kada ku bar ƙasa da huɗu.

Da farko na'ura ce: a sa fasfo, ta ɗauki hoto, a amsa tambayoyin kwastan, ta fitar da 'yar takarda. Ku gaya wa jami'in farko cewa sababbin mazauna ne ku, zai nuna muku zauren shige da fice. Mun zauna fiye da awa ɗaya, jariri a goye, babbar tana barci a kan jaka. Da aka kira mu, jami'ar ta karɓi takardu ta yi tambayoyinta a natse. Akwai abin da ya canza a aurenku? Kuna da wasu 'ya'ya da ba a rubuta ba? An taɓa kama ɗayanku da laifi? Nawa kuka zo da shi? Ina za ku zauna? Na amsa kowace da jimla ɗaya. Ta dubi yaron, ta dubi takardarsa, ta ci gaba. A lokacin na tuna maganar ranar suna, na yi hamdala a zuciyata. Ta rubuta ranar sauka, ta nuna mana inda za mu sa hannu, ni na sa wa yaran, ta miƙo mana kwafinmu.

Za a nemi adireshin Kanada inda za a aika katin shaidar zama na dindindin. Mun ba da na wani abokin karatun maigida, da izininsa. Wanda ba shi da adireshi yana da kwana 180 ya tura ta intanet, in ya wuce sai ya nemi katin da kansa ya biya. Wanda wani lardin Kanada ya zaɓe shi ta nasa tsarin, lardin zai nufa. Wanda ya zo ta tsarin tarayya kuma kada ya ba da adireshin lardin Quebec, don ita tana da nata tsarin. Daga nan sai wajen kwastan, a buga hatimi a jerin kaya.

Waɗanda suke cikin Kanada da izinin karatu ko aiki ba sa bin wannan hanya. Imel ake aiko musu, su tabbatar suna cikin ƙasar, a buɗe musu shafi su sa adireshi da hoto, takardar ta fito a nan su sauke. Kada mutum ya ce yana ciki alhali ya zo hutu gida.

Makonnin farko

Lambar SIN, wato lambar shaidar aiki da haraji mai lamba tara, ita ce farko, don ana bukatarta wajen yin aiki. Ofishin Service Canada ke bayarwa kyauta, da fasfo da COPR, a zama ɗaya. Sai katin lafiya na lardi, wanda dokarsa ta bambanta: Ontario ta soke jiran wata uku tun 2020, British Columbia kuma tana da lokacin jira, don haka mai zuwa can ya sayi inshorar wucin gadi. Mu a Alberta, lardin da Calgary take, mun yi rajista a makon farko. Masu yara su cike neman tallafin yara na gwamnatin tarayya da wuri.

Katinmu ya iso ta gidan waya bayan wasu makonni. Kafin ya zo ku guji fita daga ƙasar, domin bizar ta shiga sau ɗaya ce, ta riga ta mutu, kuma COPR ba ta hawa jirgi. Wanda dole ta sa ya fita sai ya nemi takardar tafiya ta mazauna a ofishin biza na waje kafin ya dawo. Masu niyyar sauka su koma gida su ƙarasa aiki su riƙe lissafi: ana bukatar kwana 730 a cikin Kanada a kowace shekara biyar don riƙe izinin, neman zama ɗan ƙasa kuma kwana 1,095 ne cikin shekara biyar. Ranar da jami'i ya rubuta a takardarku ita ce mafarin ƙirga.

Takardar COPR ɗin kanta kada a manne ta da roba, kada a jefar bayan kati ya zo. Za a neme ta wajen neman zama ɗan ƙasa, har da fanshon tsufa. Namu huɗu suna cikin jakar leda ɗaya da takardar aurenmu, na ɗauki hoton gaba da baya na kowacce, na tura kwafi ga yayana a Zariya ya ajiye.